Wasiyyar Injin Sikeli da Na Kai Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a rumfar mai shayi sai ya ce, "Yahuza, ka ga teku? Da gaske ba a hango ƙarshenta?" 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci ma haka. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sa'ad da na maimaita sai raina ya sake ɓaci. Malaminmu, Mushe Garba, ya ce in rubuta sau ɗaya in huta. To ga shi. Amma ku sani, ba kallon teku ya kai ni ba. Sunana na je karɓowa.

Shekara goma sha ɗaya ina gadi da shara a wani garejin manyan motoci nan Gaya, kan hanyar gadar kan iyaka. Garejin yana da sikeli, kowace kamiyo sai ta hau an auna ta kafin ta wuce. A bayan biro, wato ofis, akwai ɗan ɗaki mai sanyi, a ciki akwai babbar ordinata, wato kwamfuta, da ke karɓar awo daga sikeli tana fitar da tikiti. Mu dai inji muke ce masa. Waɗanda suka kafa shi suna Kwatano, daga can suke duba lafiyarsa. Mabuɗin ɗakin yana hannuna, don ni ke share shi.

Mushe Garba ya saba ce mana, "Duk rubutun da kuka gani ku kwafa, ko ba ku gane ba. Hannu ke fara sani kafin kai." Ni kuwa na riƙe maganar. Rubutun bayan mota, na buhun shinkafa, na kwalin magani, duk suna cikin kayena, littafin da nake rubutu a ciki.

Wata Alhamis bayan azahar na shiga ɗakin da tsintsiya, sai na ga allon injin, wanda kullum baƙi ne da ɗan layi guda, ya cika da farin rubutu daga sama har ƙasa, ya tsaya cik. A waje mai awo yana ihu tikiti ya ƙi fita. Shef Mukaila, shugaban garejin, ya tafi gida cin abinci. Na aika a kira shi. Ban taɓa komai ba. Na jawo kujera, na fito da kaye da bik, wato alƙalami, na fara kwafa, harafi bayan harafi, da lambobi, da alamun tambaya da ke gaban wasu layuka. Ya cinye mini shafi biyu.

Ina layin ƙarshe Shef ya faɗo ɗakin.

"Kai! Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, Shef."

Bai ko dubi allon ba. Ya kashe injin ya sake kunnawa, rubutun ya tafi. Injin bai dawo hayyacinsa ba sai dab da magariba. Motoci suka yi layi har bakin titi, wani mai tumatir yana ta zagin uwar kowa.

Washegari takarda ta zo daga Kwatano, wai an yanke wa injin wuta ne. Shef ya kira ni gindin bishiyar bedin da direbobi ke zama, a gaban kowa. Ya ce tsintsiyata ce ta fizge waya. Ya ce tsoho da ni, da furfura, na bar aiki ina wasan 'yan lakwal, wato 'yan makaranta. Ya ce jaki ko an rataya masa kaye jaki ne. Ya karɓe mabuɗi. Na rantse masa da Allah. Sai ya yi dariya ya ce, "To ka kawo mini takarda mai hatimi daga masu injin, su ce ba kai ba ne."

Ni mutum ne mai haƙuri. Matata Hadiza takan ce haƙurina ya fi igiyar rijiya tsawo. Da kora ce kawai, da na nemi wani gadin. Amma wa zai ba mabuɗi ga wanda aka ce ya yi ɓarna ya kuma rantse a kan ƙarya? Na kai wa Mushe Garba kayen. Ya juya shi ya juya, ya ce wannan ba Faransanci ba ne, maganar injuna ce, sai masu ita. Adireshinsu kuwa yana cikin kayen tun bara, na kwafe shi daga takardar da ke manne a jikin injin. Mun buga lambar, wata murya wadda ba ta mutum ba ta ce mu danna ɗaya. Muka danna, ta ce mu danna biyu. Na ce wa Hadiza ta daka mini ƙuli-ƙuli, Litinin zan tafi.

A lokacin gada a buɗe take. Ta wajenmu ban sha wuya ba, 'yan sandan sun san fuskata. Da na tsallaka Malanbil aka duba kartar shaidata da karnen allura, wato katin riga-kafi, komai daidai. Sai wani jami'i ya zazzage jakata ya ci karo da kayen. Ya buɗe daidai shafukan nan biyu, ya ɗaure fuska.

"Wannan fa?"

"Rubutun inji ne, ranka ya daɗe."

"Karanta."

Na fara kiran haruffa ɗaya ɗaya, don abin da na iya ke nan. Ya ce ina yi masa wayo, wannan saƙon ɓoye ne. Ya zaunar da ni kan benci tun hantsi. Ya ci ƙosai a gabana, yana juya shafin da hannun mai. Har yau tabon babban yatsansa yana nan. Can wani babbansu ya zo, ya leƙa, ya ce ai laya ce irin ta tsofaffi, a bar ni in tafi. Ban yi musu ba. Amma babbar motar Kwatano ta riga ta tashi.

Na shiga ƙaramar mota mai zuwa Paraku. Mu huɗu a kujerar mutum uku, kuma ɗaya daga cikinmu mace ce wadda ita kaɗai ta isa biyu. 'Yar Bohikon ce, tana sarin busasshen kifi a Malanbil, ta iya Hausar kasuwa. Kowa Mama yake ce mata. Ta ɗora kwandonta kan ƙafafuna ba ko sannu.

"Baba Nijar, matsa."

"Hajiya, in matsa ina? In fita ta taga?"

"Ni ba Hajiya ba ce. Ka rage faɗi."

Ni da ƙashi da fata kawai nake. Muka wuce Kandi ƙafata ta mutu murus. Da lokacin salla ya yi na yi wa direba magana, ya nuna mini agogo ya ƙara wuta. A wajenmu ko direban da ba ya salla yakan tsaya don kunya. Sai a Paraku na haɗa azahar da la'asar.

A nan Mama ta ja ni wajen mai sakwara, ta ce ba a wuce Paraku da yunwa. Aka zubo mini da miyar gyaɗa da cukun Fulani soyayye, wanda suke kira wagashi. Gaskiya sakwarar ta yi, santsi kamar ba doya ba. Amma barkonon da ke ciki ba abinci ba ne, hukunci ne. Ina hawaye na laluba jaka neman ledar ruwa, sai na ji hannuna cikin danshi. Ledar ta fashe. Kayen ya jiƙe ta gindi.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane sun waiwayo. Mama ta fizge shi, ta buɗe shafukan a hankali, ta shanya kan murfin tukunya mai ɗumi. Layi uku na ƙasa sun ɗan yi jirwaye, amma ana gani. Na ba ta labarin duka. Ta ƙulle kayen cikin leda biyu ta ce, "Sa a ƙirji, wawan tsoho. Wa ke ajiye shaidarsa tare da ruwa?" Zaginta ya fi mini daɗi a kan gaisuwar wasu.

Na kwana a barandar wani masallaci kusa da tasha, da safe muka shiga babbar mota. Daga Dasa zuwa ƙasa duniya ta canja. Ƙasa ja, ganye ko'ina, mata suna cusa garin rogo ta taga. A ƙofar wasu gidaje na riƙa ganin ɗan gunkin laka ƙarƙashin guntun kwano, an zuba masa manja a ka. Na tambayi Mama, ta ce shi ke tsare gida. Na ce a raina, ashe ɗan'uwana ne a sana'a, sai dai shi ana ba shi manja, kuma ba mai karɓe masa mabuɗi. A Bohikon ta sauka. Ta buga mini ƙirji daidai kayen ta ce, "Kada ka dawo hannu wofi."

Kwatano gari ne na babura. Masu kabu-kabu duk rigarsu rawaya ce, suna fitowa kamar an buɗe amya. Na sauka a Zango wurin wan Hadiza, Alhaji Saini, mai sayar da fata. Ya ba ni ɗaki a bayan shagonsa. Zufar garin ba ta bushewa, rigar da ka wanke yau gobe ma ɗanya ce. Gaisuwarsu kuwa kalma ɗaya, mutum ya wuce, ba ya tambayar gida, ba gajiya, ba iyali.

Alhaji ya ce, "Yahuza, tun daga Gaya saboda aikin tsintsiya? Ka zauna nan in ba ka gadin shago."

"Yaya, ba tsintsiya na biyo ba."

"To me?"

"Abin da zan bar wa 'ya'yana. Ba ni da gona, ba ni da mota."

Ya kira mini mai kabu-kabu.

Biron masu injin yana hawa na biyu a wani bene. A ƙofa akwai mai gadi. Na yi murna, na ce na samu nawa. Ashe shi ne katanga. Ya ce sai da randebu, wato sai an ba ni rana. Na ce wa ke bayarwa? Ya ce a buga lamba. Lambar nan dai mai cewa a danna ɗaya. Kwana biyu ina zama kan dakalin gaban benen, daga safe har a tashi. Ko ruwa bai taɓa miƙo mini ba. Ni a garejinmu baƙo bai taɓa tsayuwa a rana ina zaune a inuwa ba.

Rana ta uku, Juma'a, ya ce in tashi daga dakalin ma, ina ɓata musu gaban gida. Nan igiyar ta tsinke. Uwata Badanda ce, kuma in raina ya ɓaci sosai Dandanci ke fitowa. Na gaya masa abin da nake gani game da shi da kujerarsa da hularsa. Sai na ji an amsa daga baya da Dandanci tsantsa:

"Wane bawan nawa ne ya ɓato har bakin teku yana zage-zage?"

Wata mata ce, za ta yi shekara arba'in da wani abu, tana kafe babur ɗinta. Daga jin "bawana" na san 'yar Bargu ce, akwai wasa tsakaninmu.

Na ce, "Ubangidanki ne ya zo duba ko kun daina cin doya ɗanya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sunanta Madam Bake, mutuniyar Kandi, injiniya ce a biron. Ta ce in biyo ta. Mai gadin ya buɗe ƙofa har da sarawa.

Na kwance leda biyu na ajiye kayen kan teburinta. Ta fara dubawa da murmushi, sai murmushin ya gushe. Ta jawo shi kusa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni."

"Daga ina?"

"Daga allon injin, kafin Shef ya kashe."

"Baba, ba a fizge waya ba. Injin da aka zare wa wuta ba ya wasiyya, faɗuwa yake yi shiru. Wannan ya faɗi inda ciwon ya kama shi kafin ya mutu. Kuma a allo kaɗai ya faɗa, mu nan ba mu gani ba. Mun ga ya yi shiru, aka rubuta wuta ce."

Aka rubuta wuta ce. Haka kawai, don ba a sani ba.

Ta shiga buga abin da na kwafa a ordinatarta, tana bin layi da yatsa. Ta ce ko ɗigo ban tsallake ba. Na ce ta gaya mini abin da ya faru da harshen mutane.

Ta ce, "Motocinku ba sa tsayawa, don haka injinku ba ya barci. To can cikinsa akwai zuciyarsa, wadda ke juya komai. An gano ɓaraka a cikinta. A da sai an kashe inji a gyara. Yanzu ana iya yi mata faci tana aiki."

"Kamar a canja katakon jirgi a tsakiyar gulbi."

"Ashe bawana yana da kai. To kafin a cire katako, sai an tabbata ba mai ƙafa a kansa. Kowane aiki da ke gudana a cikin injin yana barin sawu, daga ina ya fito, ta ina ya bi, ina yake tsaye. Injin yana bin sawun kowa. Wanda sawunsa ya nuna ba ya kan tsohon katako, sai a maishe shi kan sabo. Amma sawu ba kullum yake cika ba. In ka tsai da mutum ya ɗaga ƙafa bai sauke ba, sawu zai ce yana baya, alhali nauyinsa ya tafi gaba. Ka ga alamun tambayar nan da ka kwafa? Injin ne ke cewa, wannan sawun na gan shi, amma ba zan rantse a kansa ba."

Ta buɗe nasu bayanan, ta daɗe tana karantawa. Sannan ta ce tun ranar Laraba aka tura facin. Duk ayyukan sun koma sabon katako sai guda, wanda ke sauraron sikeli. Injin ya kasa tabbatar da sawunsa, sai ya ƙi ƙarasawa, ya tsaya jira. Haka aka gina shi, in bai tabbata ba ya jira. Ranar Alhamis bayan azahar wani abokin aikinta ya gaji da jira, ya tilasta shi, ya cire tsohon katakon. Ashe akwai ƙafa a kai.

Ta kira abokin aikin nan. Wani mai taye a wuya, mai ƙamshin turare. Suka yi ta Faransanci, yana ɗaga kafaɗa. Na ce ta fassara mini. Ta ce yana cewa sau da yawa ana yin haka ba abin da ke faruwa.

Na ce, "Gaya masa. Inji ya ce bai tabbata ba, shi ya ce ya tabbata, aka bi tasa. Ni na ce na tabbata, na rantse da Allah, aka ce ƙarya nake. A cikinmu uku, ni da injin ne muka faɗi gaskiya, kuma mu biyu aka kashe."

Ta fassara. Bai dube ni ba, agogonsa ya duba.

Saura takarda. Patoronsu, wato shugaban biron, ya ce za a rubuta matsalar na'ura ce, shi ke nan, ba sai an sa suna ba. Na ce matsalar na'ura ba ta da furfura, ba a kira ta jaki a gindin bedi ba. Na zauna a kujerar da ke gabansa, na ce nan zan yi la'asar, nan zan yi magariba. Madam Bake ta rufe ƙofa, suka yi ta yi. Abin da na tsinta kawai shi ne ta ɗaga kayena tana cewa wannan shafi biyu sun hana su maimaita ɓarnar a wasu garuruwa. Daga ƙarshe aka buga takarda. Na bi ta da yatsa har na ga Y, A, H, U, Z, A.

Na ce saura Hausa, don direbobi ba sa jin Faransanci, kuma na san wanda zai fassara musu. Ba mai iya rubuta Hausa a biron. Sai na fito da bik. Madam tana faɗa da Dandanci, ni ina sawa da Hausa a ƙasan takardar. Layi uku, amma sai da zufa ta jiƙa mini riga. Na karanta mata, ta gaya wa patoro, ya buga hatimi a kai yana tsaki. Ta roƙi in bar mata shafukan biyu, na ce ta ɗauki hoto, kayen ba ya kwana a hannun Bargawa.

Teku kuwa, tunda ita kuke tambaya, Alhaji ya kai ni ranar Asabar. Ruwa ne mai yawa da ba a sha, ba a ban-ruwa da shi, sai hargowa. Gulbinmu ya fi shi amfani.

Na iso Gaya Litinin da la'asar, ban biya gida ba. Shef Mukaila yana biro. Ya karanta takardar sau biyu. Ya buɗe aljihun tebur, ya turo mini mabuɗi a hankali.

"To, Malam Yahuza, ka dawo aiki gobe. A bar maganar, ta wuce."

"Ba a nan aka karɓe shi ba, Shef."

Na fita zuwa gindin bedi. Ya biyo ni dole. Direbobi sun fi ashirin a zaune. Ya ɗaga takardar ya ce, "Masu inji sun ce 'yar matsala ce ta na'ura." Ya fara ninke ta.

Na ce, "Akwai saura a ƙasa. Kawo."

Na karɓa. Kun san karatuna, kamar jaki da kaya a cikin yashi. Na karanta: "Mu ne muka yi wa injin faci yana aiki. Ya ce a jira, ba mu jira ba. Yahuza bai taɓa waya ba, rubutunsa ne ya nuna mana laifinmu." Na yi tuntuɓe a wuri biyu, na koma baya na sake. Wata kamiyo tana kan sikeli, direbanta ya kashe mota don ya ji.

Da na gama, wani tsohon direba ɗan Bana ya ce, "Shef, ashe jakin ya iya karatu." Aka fashe da dariya, amma ba ni ake wa ba.

Shef bai ce in yi haƙuri ba, har yau bai ce ba, kuma na daina jira. Ya miƙo mabuɗin da hannun hagu, yana kallon wani wuri. Na bar hannun nan a sama, ban karɓa ba, kowa yana kallo, sai da ya maishe shi hannun dama.